Shehu Sha'iri: Daga Ajin Bambeye zuwa Marata

(Taken shiri. A sassauta shi, mai gabatarwa ya shigo.)

 Masu saurarenmu na Bambeye da ƙauyukanta, da na cikin birnin Tawa, da na sauran sassan Adar, barkanmu da war haka.    

Da tambaya zan buɗe shirin yau. A ce mun shiga ajin CM2, na ƙarshen firamare, a nan Bambeye, mun ce wa yara: wane ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo? Hannuwa za su tashi. Wannan ya ce mai jihadi ne, wancan ya ce shi ya kafa daular Sakkwato, mai ƙoƙarin cikinsu ya ƙara da 1804. Madalla. Sai mu ce: to, a ina aka haife shi? Da yawa za su ce Sakkwato. Alhali ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina birnin Sakkwato a 1809, lokacin Shehu ya haura shekara 50. A Marata aka haife shi, kusa da Galmi, cikin wannan jiha tamu ta Tawa, a watan Disamba na 1754. Sai tambaya ta uku: shin Shehu ya rubuta waƙa? Nan fa aji zai yi tsit, har ka ji kukan kurciya a bayan taga.

Wannan shirun shi ya kawo mu. Muna da babban sha'iri wanda aka binne cibiyarsa cikin ƙasarmu, tafiyar ƴan sa'o'i da mota daga ƙofar lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, amma ƴaƴanmu sun san shi da takobi kaɗai, ba su san shi da alƙalami ba.

Na ce sha'iri da gangan. A wurinmu in an ce mawaƙi, hankali yakan tafi ga mai kalangu ko mai gurmi da ƴan amshi. Waƙar Shehu rubutacciya ce, mai baiti da ƙafiya da kari, wadda ake buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, a rera ta da baki ba tare da kiɗa ba. Yana ɗan shekara 20 ya tsara waƙarsa ta begen Annabi da Larabci, wadda malamai ke kira Daliyya don baitocinta da harafin dalun suke ƙarewa. A daidai wannan lokaci ya fara wa'azi a Degel, garin da ya tashi. Daga nan bai ajiye waƙa ba. Ya yi da Larabci don malamai, ya yi da Fillanci don jama'a, sannan ƴaƴansa Nana Asma'u da Isa suka mayar da wasu zuwa Hausa. Ma'ama'are, ta yabon Annabi, Isa ne ya Hausantar da ita. Tabbat Haƙiƙa kuwa Asma'u ce ta juya ta zuwa Hausa bayan rasuwar mahaifinta, Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama ƙwar biyar.

Me ya sa malami irin Shehu, mai littattafai kamar Ihya'us Sunna da Nurul Albab, zai zauna yana auna kari? Ku tuna zamanin. Takarda sai ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi. Littafi da hannu ake kwafarsa, harafi bayan harafi. Makiyayin da ke bayan shanu da matar da ke bakin turmi ba su jin Larabci. Waƙa kuwa ba ta buƙatar jaka. In ta shiga kunne, kari ya riƙe ta, ƙafiya ta ɗaure ta, sai ta bi mutum rijiya, ta bi shi kasuwa, ta bi shi mashaya. Waƙa ita ce rediyon wancan zamani.

Ke nan waƙar da aka yi don kunne da hanya, in muka kulle ta cikin layi biyu a allon aji, muka ce yara su haddace sunan mai ita da shekarar haihuwarsa, mun ba su ɓawo mun riƙe ƙwaya. Shawarata ga ƴan'uwana malamai guda ce: a haɗa wa yaro abu biyu, murya da ƙasa. Ya ji waƙar ana rerawa, sannan ya taka wurin da mai waƙar ya taka.

Wannan ma ba sabuwar dabara ba ce. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, da ya tashi tara waƙoƙinsa cikin littafin Tazyinul Waraƙat, bai jera su haka kawai ba. Kowace waƙa sai ya faɗi inda suke sa'ad da ya yi ta, da abin da ya faru har ya yi ta. Mai waƙa da kansa ya nuna mana cewa waƙa da muhallinta ɗanjuma ne da ɗanjummai.

(Gajeren kiɗa.)

To, bari mu shiga aji. Tafiya ba ranar hawa mota take farawa ba. Yaron da aka kai wurin tarihi da kai wayam, abin da zai dawo da shi labarin albasar Galmi ne da ƙurar hanya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ɗauki mako uku ko huɗu ana shiri, da kayan da ba su fi ƙarfin kowace lakwal ta karkara ba.

Kaya na farko taswira. Ba sai an saye ta ba. A fita filin lakwal, a zana ta a ƙasa da sanda, a aza duwatsu. Ga Bambeye, ga Tawa. Kudu ga Birnin Ƙwanni, inda kakannin Shehu, Toronkawa da suka taso daga Futa Toro ƙarƙashin Musa Jakollo, suka zauna tun ƙarnuka kafin haihuwarsa. Gabas da nan ga Marata. Gaba kaɗan ga Madawa, inda a kusa da ita, a ƙauyen Arewa, kabarin babban malaminsa yake, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Can arewa da nisa ga Agadas, inda Shehu ya bi Malam Jibrilu ya yi karatu. Daga nan malamin ya wuce Makka, almajirin ya juyo gida don bai nemi izinin mahaifinsa na tafiya hajji ba. Sai a tsallaka iyakar yau: ga Degel inda ya tashi, ga Gudu inda ya yi hijira a Fabrairun 1804, ga Tafkin Kwatto inda aka gwabza a Yunin shekarar, ga Alƙalawa birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ga Sifawa, ga Sakkwato inda ya rasu a 1817. A sa kowane yaro ya tsaya kan dutse guda, ya zama shi ne garin. Wani yaro ya bi hanyar da ƙafa, in ya iso kowane gari, mai garin ya faɗi abin da ya faru a wurinsa. Da ƙafarsu za su gane cewa tarihin nan ya girmi iyakar da Faransa da Ingila suka shata. Malamin da ya samu Waƙar Gewaye, wadda Nana Asma'u ta tsara da Fillanci a kan tafiye-tafiyen Shehu, Isa ya mayar Hausa, ya samu taswira mai baiti, don garuruwa ne jere a cikinta.

Kaya na biyu igiya. A ɗaura ta daga wannan bango zuwa wancan, a rataya guntayen kwali masu shekaru: 1754, 1804, 1808, 1817. A ƙara 1960, shekarar ƴancin Nijar, da shekarar da aka buɗe lakwal ɗin garin, da shekarar da muke ciki. Yaro ya ga tazara da ido, ya lissafa da kansa shekarun Shehu ranar hijira.

Kaya na uku, wanda ya fi sauran, murya ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mai ita kuwa ya riga mu gidan gaskiya, amma magadansa suna nan. A bincika cikin gari. Da wuya a rasa malamin zaure, ko makaho mai bara da waƙoƙin wa'azi, ko tsohuwar da ta gaji wasu baitoci daga kakarta. Mushe, wato malamin aji, ya tafi da kansa ya gaishe su, ya roƙe su su zo aji. In tsufa ya hana su fita, a nemi izininsu a naɗi muryar a salula. Ranar da malamin allo ya zauna gaban ƴan lakwal yana rerawa, mushe na rubuta kalmomi masu wuya a allo, ranar an rushe wata katanga da ta daɗe tsakanin makarantunmu biyu.

Kaya na huɗu takardar ajami. Yawancin yaranmu da asuba ko da dare suna makarantar allo, sun san baƙi da wasali. A aro warƙa guda daga gafakar wani malami, ko a ɗauki hotonta. A ce su mayar da baiti biyu zuwa boko. Za ka ga yaron da kullum yake baya a darasin Faransanci yau shi ke gaba, abokansa na leƙen allonsa. Daga nan sai a koya musu neman ƙafiya, su tafa hannu su ji inda kari ke faɗuwa.

Akwai kuma wasan da yara ke so ƙwarai, wato ramzi. Marubutan da sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitocin ƙarshe, don kowane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. A lissafin malamanmu, shin 1000 ne, ra kuma 200. A ba yara jadawalin, a ce kowa ya ƙulla shekarar haihuwarsa ta hijira cikin kalma. Ga adabi, ga lissafi, ga tarihi, duk a zama ɗaya.

(Kiɗa. Mai gabatarwa ya dawo.)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a koya wa ƴan makaranta Shehu Usmanu a matsayinsa na sha'iri. Mun gama shirin aji, saura tafiya.

Lokacinta shi ne wannan na sanyi, bayan an kai hatsi rumbu, kafin zafin bazara ya sauko. Darakta ya zauna da kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar iyaye mata, a faɗi kuɗin mota a fili, a raba nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wani ya ba da kuɗi, wata ta dama fura, ɗan garin da ke ci-rani ya aiko da nasa. A sanar da ofishin sufeton makarantu da hukumar gari. A tambayi hukuma halin hanya, in ta ce a dakata, a dakata, ran yaro ya fi kowane darasi. A aika wa maigarin da za a sauka wurinsa tun da sauran kwanaki, kada a faɗo wa mutane kamar fara.

Darasi a cikin mota yake farawa. Daga Tawa an nufi kudu, a ratsa kwarin Badagishiri, a isa mararrabar Tsarnawa, a karya gabas ta Malbaza zuwa Galmi. Yara su riƙa kallo: ina dutse ya ƙare, ina fadama ta fara, ina garke ke shan ruwa. Tambayar da za su riƙe a zuciya ita ce: me zai sa zuriyar malamai Fulani, masu littafi da dabbobi, su zaɓi wannan yanki? Kada mushe ya ba su amsa. Kwarin Majiya da ke yankin zai ba su.

In an isa, farkon abu gaisuwa. A sauka ƙofar maigari da ɗan goro, yara su durƙusa su gaida dattawa. Daga nan a raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da aikinta. Masu tambaya su zauna gaban tsofaffi da tambayoyin da suka shirya tun gida: me kakanninku suka gaya muku game da gidan su Shehu? Ina aka ce suna ɗiban ruwa? Wace waƙa tasa ake rerawa a nan, kuma yaushe? Masu zane su zana abin da ido ya gani. Masu rubutu su rubuta abin da kunne ya ji, yadda aka faɗe shi, ba gyara. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Kada a ɗebi ƙasa ko dutse a sa aljihu. In an je kabari, a yi sallama, a yi addu'a, a fito da natsuwa.

Kuma kada malami ya cika wa yara kai da zancen manyan gine-gine. Shehu ba ɗan sarki ba ne, ɗan malami ne, a ƙauye aka haife shi. Babban darasin ke nan. Yaron Bambeye ya tsaya ya duba, ya ga danga irin ta gidansu, ya ga rana irin tasu, ya ga awaki irin nasu, sai a gaya masa cewa daga irin wannan wuri wani jariri ya tashi har alƙalaminsa ya girgiza sarakuna. A nan, a inuwar icce, a sa wanda ya fi murya cikin ɗalibai ya rera baitocin da aka koya a aji. Gani ya kori ji, amma a wannan rana gani da ji tare za su zauna.

Akwai abin da nake roƙon malamai kada su tsallake. Cikin ajinka akwai Ba'adare, akwai Bafillace, akwai Buzu, akwai wanda kakanninsa Gobirawa ne. Tarihin jihadi bakinsa ba ɗaya ba ne. Abin da ake faɗa a Sakkwato daban, abin da ake faɗa a Tsibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu, daban. Adar ma tana da nata labarin, wanda Farfesa Djibo Hamani, da jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kansa tun 1975. A bar yara su ji kowane ɓangare ba tare da gori ba. Waƙar ma za ta taimaka. Tabbat Haƙiƙa ba abokan gaba aka yi wa ita ba. Bayan an ci yaƙi, mulki ya dawo hannun jama'arsa, Shehu ya juyo ya gargaɗi nasa: mai mulkin da ya ci amanar talakawa, da alƙalin da ya karkata hukunci. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci amfanin sha'iri a cikin al'umma.

Sai maganar ƴan mata. Na san wani uba yana saurare yana cewa, namiji dai ya tafi, mace ta zauna. Baba, da girmamawa nake tuna maka: Shehu da kansa, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa. Ita ta kafa Ƴan Taru: takan naɗa mace dattijuwa a matsayin jaji, ta aza mata malfa, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar. Wato mata na tafiyar neman ilimi a ƙasar nan tun kusan shekara 200 da suka wuce. A sa iyaye mata biyu ko uku cikin motar, su zama jajin tafiyar, hankalin kowa ya kwanta.

(Gajeren kiɗa.)

An dawo gida. Nan ne tafiye-tafiye da yawa ke mutuwa, a yi kwana biyu ana labari, a manta. Kada a bari. Kowace ƙungiya ta kawo abin da ta samo. A gwada abin da tsofaffin Marata suka faɗa da abin da littafi ya faɗa: ina suka haɗu, ina suka rabu? A manna zane-zane a bango. A ɗinke rubuce-rubucen wuri guda su zama ɗan littafin aji, wanda ƴan baya za su tarar. Sannan kowane ɗalibi ya tsara baiti uku nasa na kansa, da ƙafiya, a kan abin da ya dame shi a garinsu: rijiyar da ta ƙafe, yayan da ya tafi ci-rani, mudun da aka tauye a kasuwa. A kira iyaye ranar da za a rera. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a lakwal a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen da aka ba wannan matsayi yana buƙatar yaran da za su iya ƙulla baiti da shi.

Manyan ɗalibai na sakandare, wato CEG da lise, in hali ya yi kuma hanya ta yi kyau, ana iya kai su gaba: Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda kabarin Nana Asma'u ma yake, da gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu. A Yamai kuma cibiyar bincike ta IRSH na ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya yi ɗawainiyar fara tarawa.

Wanda kuma ya ce lakwal ɗinsu ko kuɗin alli da ƙyar, balle mota, ina da amsarsa. Taswirar ƙasa kyauta ce, igiya kyauta ce, muryar tsohuwa kyauta ce. A fara da zauren malamin unguwa, a ga gafaka da tawada da alƙalamin kara. A je tsohuwar rijiya, a tambayi wanda ya gina ta. Yaron da ya koyi yi wa garinsu tambaya, ranar da ya isa Marata, ko bayan shekara 10 ne, ya san abin da zai tambaya.

Ga aikin gida, yara da manya. Daren nan, bayan an ci tuwo, a matsa kusa da kaka a ce: Kaka, cikin waƙoƙin wa'azi da kika ji a bakin naki kakanni, wace kika riƙe? In ta rera, a rubuta, a kai wa mushe da safe. Ku kuma malamai, Litinin mai zuwa ku yi wa ajinku tambayoyin nan uku da muka buɗe da su, ku riƙe amsar. In sanyi ya wuce ku sake yi. Muna fatan a karo na biyu, in an zo ta ukun, kurciyar bayan taga ba za ta samu filin kuka ba.

Allah ya jiƙan magabata, ya raya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙuri da lada.  

(Taken rufewa.)